Ɗaure Notin Taya Ba Gasar Ƙarfi Ba Ce: Kira Ga Direbobi Da Masu Faci Na Nguru Da Gashuwa



Duk ranar da aka ji labarin tayar mota ta fice ana cikin gudu, hukuncin da jama'a ke yankewa ɗaya ne: mai faci bai ɗaure noti da kyau ba. Wannan zargi ya sa masu faci da yaran mota a tashoshinmu na Nguru da Gashuwa suka ɗauki darasi guda, wato a ɗaure iya ƙarfi. In sifana ta gaza a zura mata dogon fayif. In hannu ya gaza a hau da ƙafa, a yi ta tsalle har sai noti ya yi kuka. Direba na tsaye yana kallo, hankalinsa kwance, a ganinsa an yi masa aiki mai kyau.

Ra'ayina shi ne wannan al'ada tana cikin abubuwan da ke jawo ficewar tayar da muke gudu. Notin taya yana da ma'auni, kamar yadda iskar taya da man inji suke da ma'auni. Wanda ya gaza ma'aunin ya jefa fasinja cikin haɗari, wanda ya wuce shi ma haka. Kuma tsofaffin motocin da muke hawa su ne suka fi cutuwa da wuce ma'aunin.

Motocin da ke ɗauke da mu

Mu dubi shekarun motocinmu. Pijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motocin Pijo a 1975, ya kuma ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da dainawa. Ke nan 504 mafi ƙuruciya da ke kan hanya yau ta kusa shekara 20, wasu kuwa sun haura 40. Yayarta 404 ta girme ta, tun 1960 aka fara ƙera ta. Golf 3 da ta cika tashoshinmu ta fito ne a 1991.

A Turai irin waɗannan motoci sun zama kayan tarihi. Masu su kan ajiye su a gareji, su fito da su ranar hutu, kuma ba sa yarda kowa ya taɓa notin tayarsu sai da sifana mai ma'auni. A nan kuwa aiki suke yi. Su ne ke ɗaukar busasshen kifi da shinkafa da barkono daga ƙauyukan fadamar Haɗejia da Nguru, su ne ke kai mutane Machina da Yusufari da Jakusko, su ne ke kai ɗalibai Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, su kawo marasa lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. Motar da Bature ke lallaɓawa alhali ita kaɗai take tafiya ba lodi, mu muna cika ta da rayuka muna kuma hawa notinta da ƙafa.

Kowane direba ya tambayi kansa: tun da aka ƙera motar nan, sau nawa aka cire tayarta? An sauya inji, an sauya giya, an yi fenti, an yi walda, an sauya tayoyi ba adadi. Amma sau da yawa boltin da ake ɗaura noti a kai shi ne dai na asali, ba wanda ya taɓa tunanin sauya shi sai ranar da ya karye.

Abin da ke faruwa a jikin bolti

Kowa ya san robar tsohuwar tub da ake ɗaure kaya da ita a bayan babur. In ka ja ta daidai, sai ta riƙe kaya gam, domin tana ƙoƙarin komawa yadda take. In ka bar ta sako-sako, kaya su zame. In kuma ka ja ta fiye da kima, ko dai ta tsinke nan take, ko ta saki jiki ta daina riƙo.

Bolti ma haka yake, duk da cewa ƙarfe ne. Idan ana juya noti, boltin yana miƙewa kaɗan, miƙewar da ido ba ya gani. Ƙoƙarinsa na komawa yadda yake shi ne ke matse rim a jikin mota. Wannan matsi shi ke ɗaukar nauyin motar da lodinta. Amma ƙarfe yana da iyaka. Da zarar an ja shi ya wuce iyakar, ba ya sake komawa daidai. Sai ya ƙara tsawo, ya sirance a wani wuri, haƙoransa su gurɓace. Daga ranar ya zama raunanne, ko da a ido lafiyarsa ƙalau.

Abin takaicin shi ne ba kasafai yake karyewa a gaban mai faci ba. Yakan jira sai mota ta ɗauki lodi, ta faɗa rami, birki ya yi zafi, sannan ya ɓalle. In ɗaya ya tafi, nauyinsa ya koma kan sauran, waɗanda su ma an riga an wahalar da su. Tayar 504 noti huɗu ne ke riƙe da ita. Ta 404 ƙirar salun kuwa uku ne kacal. In ɗaya ya karye a 404, rayukan da ke cikin motar sun rataya a kan bolti biyu. Bayan haɗari sai a ce ba a ɗaure ba, alhali ɗaurin ne ya yi yawa. Wanda ya duba wurin zai iya bambancewa: in noti ne ya kwance, yawanci za a ga ramukan rim sun buɗe sun yi tsawo saboda gogayya. In ɗauri ne ya wuce kima, sau da yawa za a tarar da boltin ya sirance ko haƙoransa sun miƙe.

Ɓarnar ba ta tsaya a bolti ba. Ɗaurin da ya wuce kima yana murƙushe bakin ramin rim inda noti ke zama, har ya daina zama daidai. Ɗaurin da bai yi daidai tsakanin notuna ba, wani ya sha tsalle wani hannu kawai, yana iya karkatar da faifan birki, direba ya riƙa jin ƙafarsa na rawa duk lokacin da ya taka birki.

Ma'aunin da lissafinsa

Kamfanonin ƙera motoci suna rubuta ƙarfin da ya kamata a ɗaure noti da shi a littafin kowace mota. Ana auna shi da Niyuton-mita, a taƙaice Nm. Mafi yawan ƙananan motoci suna tsakanin 80 zuwa 120. Golf 3 na buƙatar 110. Toyota Corolla na buƙatar 103. Tsofaffin Pijo irin 504 da 404 masu rim ɗin ƙarfe, nasu bai ma kai 100 ba. Manyan tireloli masu noti goma a kowace taya su ne ke buƙatar kimanin 600.

Lissafin ba shi da wuya: nauyin da aka sa, a ninka shi da tsawon sifana. Kowane kilo ɗaya a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya yana ba da kusan 10. Saboda haka, mutum mai nauyin kilo 70 in ya tsaya a ƙarshen fayif mai tsawon mita ɗaya, ya sa wa noti kusan 690, tun kafin ya yi tsalle. Wato ya yi wa Golf ɗaurin tirela, ya ninka abin da boltinta ke buƙata har sau shida. Ko a kan gajeriyar sifana mai santimita 30 ya tsaya, ya kai 200, kusan ninki biyu. Abin da ƙaramar mota ke buƙata kuwa, ƙarfin kilo 25 ne kawai a kan sifana mai santimita 40, nauyin jarkar ruwa ɗaya. Wannan ƙarfin hannu ne, babu buƙatar ƙafa. Ba banza ba kamfani ya sa gajeriyar sifana a but ɗin mota. An yi tsawonta ne daidai da ƙarfin hannun mutum.

Injin ɗaure noti mai aiki da iska ko batir, wanda ya fara yawaita a garejin birane, bai warware matsalar ba. Yana da sauri, amma in an bar shi yana ta bugu, zai iya ninka ma'aunin sau da dama cikin daƙiƙu kaɗan. Inda ake aiki bisa ƙa'ida, da injin ake kusantar da noti, a ƙarasa da sifana mai ma'auni.

Ga wanda ya samu tsohon littafin motarsa, ya lura da irin ma'aunin da aka yi amfani da shi. Tsofaffin littattafan Faransa kan rubuta m.kg ko daN.m, sai a ninka adadin da 10 a samu Nm. Na Ingila da Amurka kan rubuta lb-ft, sai a ninka da 1.36. Rashin lura da wannan kan sa a yi kuskure ko da akwai kayan aiki a hannu.

Hujjojin masu tsalle a kan sifana

Ya kamata a yi wa masu faci adalci, domin suna da hujjoji.

Hujja ta farko ita ce hanyoyinmu. Za su ce littafin Bature an rubuta shi ne don kwalta mai santsi, mu kuwa muna da gargada da ramuka da rairayi, dole a ƙara ɗauri. Amsa ita ce, mummunar hanya tana buƙatar bolti mai cikakkiyar lafiya ne, domin shi zai jure bugu. Boltin da aka riga aka miƙar har iyakarsa ba shi da sauran juriya da zai ba wa rami. Kuma kada mu manta 504 ba baƙuwar mummunar hanya ba ce. Ita ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Injiniyoyin da suka ƙera ta sun san inda za ta shiga lokacin da suka rubuta ma'aunin notinta.

Hujja ta biyu ita ce sun sha ganin notin da aka ɗaure da hannu ya kwance. Wannan gaskiya ne, amma a duba dalili. A yankinmu, babban dalilin shi ne rairayi da tsatsa. Ana cire taya a kifa rim a ƙasa, yashi ya manne a bayansa, a mayar da shi haka. Da damina mota ta ratsa ruwan fadama, tsatsa ta taru tsakanin rim da inda yake zama. Sai a ɗaure noti a kan wannan datti. Bayan 'yan kilomitoci dattin ya niƙe ya zube, gurbi ya buɗe, noti ya yi sako-sako ba tare da ya juya ba. Tsalle a kan fayif ba ya maganin wannan. Maganinsa buroshin waya da tsumma, aikin minti ɗaya.

Wani dalilin shi ne haɗa notin da ba na motar ba. Gindin noti iri-iri ne: akwai mai tsini, akwai mai zagaye kamar na asalin rim ɗin Golf, akwai mai faɗi da wosha. In aka tsinto noti daga gwangwanin shago aka sa shi a rim ɗin da ba nasa ba, gefe kaɗan ne zai taɓa, kuma zai kwance komai ƙarfin da aka sa.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi: in taya ta fice, mai faci za a kama, kuma direban ne da kansa ke cewa a ƙara ɗaurewa. Nan laifin ya dawo kanmu. Muddin direba yana auna ingancin aiki da yawan gumin yaron shago, mai faci ba zai daina ba, domin abincinsa yake karewa. Gyaran dole ya fara daga mai mota.

Akwai kuma wata illa da duk direban da ya daɗe a hanya ya sani. Taya ta yi faci da daddare tsakanin Jajimaji da Gashuwa, safaya na nan, jak na nan, sifana na nan, amma noti ya ƙi motsi. A hau sifana ta lanƙwashe, ko kan noti ya cinye ya zama zagaye. Fasinjoji, har da mata da yara, wani lokaci da mara lafiya, su kwana a daji saboda aikin da aka yi da sunan kare su.

Yadda ya kamata a yi

Ko babu kayan aiki na musamman, akwai abin da kowa zai iya yi daga yau.

A goge bayan rim da inda yake zama kafin a mayar da taya. A duba kowane bolti: in haƙoransa sun gurɓace, ko ya sirance, ko noti ya ƙi shiga da yatsu, a sauya shi da notinsa. Kuɗin bolti ɗaya bai kai kuɗin motar fasinja ɗaya zuwa Damaturu ba.

Kada a shafa giris ko baƙin mai a haƙoran bolti, sai in littafin motar ne ya ce a yi. Ma'aunin da kamfanoni ke bayarwa yawanci na busasshen bolti ne. Mai yana sa noti ya yi santsi, ya ja bolti fiye da kima ko da an tsaya a kan adadin da ya dace.

A fara sa kowane noti da hannu, ya yi zagaye da dama kafin sifana ta taɓa shi. Sannan a ɗaure a gicciye: wannan, sai na daura da shi, ba a bi su a jere ba. A yi haka sau biyu, farko sama-sama mota na kan jak, sannan a sauke ta a ƙarasa. A yi amfani da sifanar motar da ƙarfin hannu. Fayif na kwancewa ne in ta kama dole, ba na ɗaurewa ba.

Masu Kanta da wasu tsofaffin manyan motocin Japan su tuna cewa notunan gefen hagu na wasu daga cikinsu a juye suke ɗauruwa, ana kuma buga musu harafin L. Yaron da bai sani ba zai yi ta tsalle da niyyar kwancewa, alhali ƙara ɗaurewa yake yi har bolti ya tsinke.

Sai abu mafi muhimmanci wanda kusan ba wanda ke yi: sake duba notin bayan an yi tafiya. Masu sana'ar taya a ƙasashe da dama suna ba da shawarar a sake gwada noti bayan kilomita 50 zuwa 100 da mayar da taya. Tsakanin Nguru da Gashuwa kilomita 60 ne da ɗoriya. Ke nan wanda aka yi wa faci a Nguru, in ya sauke fasinja a Gashuwa, lokacin dubawa ya yi daidai. Haka wanda ya taso daga Gashuwa. Minti biyu ne kafin a fara sabon lodi.

A kuma riƙa lura da alamomi: layin jan tsatsa da ke fitowa daga gindin noti, ƙyallin ƙarfe a gefen ramin rim, ƙwanƙwasa da ke ƙaruwa da gudu, ko rawar sitiyari da ba a saba da ita ba. Wanda ya ji haka ya tsaya nan take, kada ya ce sai ya kai gari. A Ingila ana sa wa notin manyan motoci wasu 'yan robobi masu tsini da ke fuskantar juna, in noti ya motsa sai tsinin ya karkace. Mu ɗigon farin fenti daga noti zuwa rim zai yi mana wannan aikin.

Kiranmu

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Nguru da Gashuwa da su sayi sifana mai ma'auni ko da guda ɗaya ce a kowace tasha, a ajiye ta a ofis, a ɗora wa mutum ɗaya alhakinta. Ana saita ta a kan adadin da ake so, in an kai sai ta yi ƙas, a tsaya a nan, ba a ƙarawa. Ba a kwance noti da ita, ba a jefar da ita, in an gama a mayar da saitinta ƙasa. Kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin mai faci shi kaɗai, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar da ke karɓar kuɗin lodi kullum ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A rubuta ma'aunin motocin da suka fi yawa a tashar a jikin allo, kowa ya gani.

Muna kira ga iyayen gidan masu faci da makanikai da su koya wa yaransu lissafin nan. Yaron da aka bar shi ya ji yadda 100 take a hannunsa sau goma da sifana mai ma'auni, zai iya kusantarta ko babu sifanar. Wannan ilimi ne da zai ɗaga darajar sana'arsa.

Muna kira ga jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, da su sa wannan batu cikin wayar da kan da suke yi a tashoshi. Ana yawan magana a kan gudu da lodin wuce kima da tsofaffin tayoyi, duk daidai ne. Amma motar da ke tafiya da noti uku a inda ya kamata a ga huɗu, ido ma yana gani, kuma bai kamata ta bar tasha ba.

Fasinjoji ma muna da namu. Kafin ka shiga mota, zagaya ka dubi tayoyinta. In ka ga gurbin noti babu noti, ka yi magana cikin ladabi, in an ƙi ji ka sauka. Kujerar da ka biya ba ta fi ranka ba.

Daga ƙarshe, ga direbobi da masu motoci: ku ne ke tsaye a kan mai faci lokacin da yake aiki. In kun ga ya ɗauko fayif zai ɗaure, ku ce masa, malam ajiye, hannu ya isa, in na isa Gashuwa zan sake dubawa. Tsofaffin motocin nan sun yi mana hidima shekara da shekaru, kuma da yawanmu ba mu da halin sauya su nan kusa. Mu kula da 'yan ƙarafan da ke riƙe da tayoyinsu.

Wanda ya karanta ya tura wa direba ko mai facin da ya sani. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.